Yadda A Ke Lissafin Wutar Lantarki

Ya kai mai karatu, in kana da dutsen guga na lantarki, ko fanka, ko abin cajin waya, ɗauko ka juya bayansa. Za ka ga an buga waɗansu lambobi ƙanana, kowace da harafi a gefenta, wata V, wata A, wata W. Yawancinmu ba mu kula da su, mu kan ɗauka sha'anin makanikai ne. Alhali kuwa maƙerin abin ne ya ke yi maka magana, yana gaya maka irin wutar da kayansa ke so da yawan da ya ke ci. Wanda ya iya karanta lambobin nan, ya kuma iya "sau" da "raba", ya san tun bai jona ba ko janaretansa zai ɗauka, ko wayar ɗakinsa za ta yi zafi, da abin da zai biya.

A da, mutumin Kekun Waje, ko na wani gari cikin ƙasar Bunguɗu ko ta Tsafe, ba ruwansa da wannan, aci-balbal ta ishe shi, ko fitilar ƙwai. Yanzu kuwa lantarki ya biyo shi har gida. Ko inda falwaya ba ta kai ba, ga batir, ga farantin sola bisa rufi, ga mai cajin waya bakin kasuwa da ɗan janaretansa. Abin da ya shigo ɗakin mutum, ya kwana kusa da 'ya'yansa, ai ya kamata ya san halinsa.

Misali da ruwa

Lantarki ba a ganinsa da ido, don haka masana su kan kwatanta shi da ruwa. Ka san masu noman rani a bakin gulbin da ya bi ta Gusau da Bunguɗu, yadda su ke kafa injin ban-ruwa su jona masa tiyo. Abu uku ne cikin aikin nan. Na fari, ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi. Na biyu, yawan ruwan da ke fita bakin tiyo, watau garwa nawa ya ke cikawa cikin minti guda. Na uku, tiyon kansa. In mai faɗi ne gajere, ruwa ya wuce ba wahala. In siriri ne dogo, ko kuwa wani ya taka shi, sai ya rage wa ruwa gudu.

To, haka lantarki ya ke cikin waya. Ƙarfin da ke tura shi, shi za mu kira turi, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan da ke wucewa cikin waya, shi za mu kira gudu, ana auna shi da amfa, alamarsa A. Na ukun ne ya ba ni wuya. Ni da aikina juya magana ne daga Turanci zuwa Hausa, na daɗe ina neman sunan da ya dace da shi, ban sami wanda ya fi turjiya ba, irin ta jakin da a ke ja yana cijewa. Kowane abu da lantarki ke bi ta cikinsa yana da turjiyarsa. Ta jan ƙarfe kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa a ke yin waya da shi. Ta roba da busasshen itace da gilashi kuwa ta kai matuƙa, shi ya sa a ke rufe waya da roba. Ana auna turjiya da om, alamarta wani harafi ne na Girkawa mai kama da kofaton doki, ga shi: Ω.

Mu Hausawa mu kan haɗa duka mu ce "ƙarfin wuta". Nan ne ruɗu ya ke farawa. Turi dabam, gudu dabam. Inji yana iya turi da ƙarfi, amma in an toshe bakin tiyo ko ɗigo ba ya fita. Haka soket ɗin ɗakinka, turi na nan cikinsa dare da rana muddin akwai wuta, amma ba abin da ke gudu sai ka jona wani abu.

Sunayen nan duk na mutane ne, aka sa don tunawa da su. Volta mutumin Italiya ne, shi ya haɗa batir na farko a 1800, ya jera faya-fayen ƙarfe iri biyu, ya raba tsakaninsu da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri. Ampere mutumin Faransa ne, ya binciki gudun lantarki cikin waya tun daga 1820. Ohm kuwa Bajamushe ne, malamin makaranta, ya yi ta gwaji da wayoyi masu kauri da sirara, dogaye da gajeru, har ya fitar da ƙa'idarsa cikin littafi a 1827. Manyan masanan ƙasarsu ba su karɓe ta da wuri ba, sai a 1841 masanan Ingila suka ba shi lambar girma.

Ƙa'ida biyu

Ga abin da Ohm ya gano. In ka san turi, ka san gudu, sai ka raba bolt da amfa, abin da ya fito shi ne turjiya.

om = bolt ÷ amfa

A ƙasarmu turin wutar gida bolt 230 ne, shi ya sa za ka ga an rubuta 220 zuwa 240 a jikin kaya. Mu ce wani tela a Gusau ya jona dutsen gugarsa, aka auna aka tarar amfa 5 ke gudu. Raba 230 gida 5, ka sami 46. Turjiyar dutsen nan om 46 ke nan. Ƙa'idar kuwa tana juyuwa. In om ka sani da bolt, raba bolt da om ka sami amfa: 230 ÷ 46 = 5. In amfa ka sani da om, buga su ka sami bolt: 5 × 46 = 230. Kowane biyu ka riƙe, na ukun ba ya ɓace maka.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta yawan aikin da wuta ke yi, ko zafi ne, ko haske, ko juya fanka. Wannan shi ne cin wuta, ana auna shi da wat, alamarsa W. Sunan James Watt ne, mutumin Sikotland, gwanin injin tururi, wanda ya rasu a 1819. Shi ne ya ke kwatanta ƙarfin inji da na doki, har yau kuwa za ka ga an rubuta HP a jikin injin famfo, watau ƙarfin doki. Doki guda wat 746 ne.

wat = bolt × amfa

Ka ɗauke shi kamar cinikin hatsi. Ba ka sanin kuɗin gero da yawan tiya kaɗai, ko da farashin tiya kaɗai, sai ka buga wannan da wancan. Dutsen telan nan, 230 sau 5, wat 1,150 ya ke ci. Ita ma wannan ƙa'ida tana juyuwa, juyin nan kuwa shi za ka fi bukata, gama yawancin kaya wat a ke rubuta musu. Raba wat da bolt, ka sami amfa. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, na wat 60, in ka raba 60 da 230 za ka sami rubu'in amfa da ɗan ɗoriya, turjiyarsa kuwa wajen om 880. Dubi abin mamaki: ƙwai mai cin wuta kaɗan shi ne mai babbar turjiya, dutsen guga mai ci da yawa tasa ƙarama ce. Mutane da yawa su kan zaci akasin haka. Amma ka tuna da tiyo, mai faɗi shi ke kwasar ruwa.

In wuta ta zo ba ƙarfi

Kowa ya san yadda a ke yi da magariba a unguwar da ta yi nisa da tiransifoma. Ƙwai ya yi ja, fanka ta yi ta juyi kamar mai jin barci, tela ya yi ta goga riga ba ta kwanta ba. Bari mu lissafta abin da ya sami dutsensa. Turjiyarsa ba ta sake ba, tana nan wajen om 46. Turi ne ya sauka, mu ce ya koma bolt 160. Raba 160 da 46, amfa 3 da rabi ke nan kusan. Buga 160 da 3 da rabi, ka sami wat 560. Ka gani? Turi bai rage ko da sulusi ba, amma zafin dutse ya faɗi ƙasa da rabi. Dalili kuwa, in bolt ya sauka, amfa ma sauka ya ke yi, su biyun kuma a ke bugawa. In turi ya koma rabi, bolt 115, gudu ya koma amfa 2 da rabi, cin wuta ya koma wat 288, watau rubu'in na farko.

Haka kuma in ta zo da yawa. A bolt 280 dutsen nan zai sha amfa 6 da 'yan kai, ya ci wajen wat 1,700, kusan rabi ya ƙaru bisa abin da aka ƙera shi dominsa. Wannan ne ke ƙone kaya, ba wai maƙeri ya yi ha'inci ba.

Amma akwai togiya, kada ka manta da ita. Lissafin nan ya fi daidai ga kayan zafi, kamar dutsen guga da hita. Kaya masu inji mai juyi a ciki, kamar firji da injin famfo, halinsu dabam ne. In turi ya sauka, injin ya kan yi ta fama ya juya nauyin da aka ɗora masa, ya ja amfa fiye da ƙa'ida, wayar cikinsa ta yi zafi har ta ƙone. Saboda haka in ka ga ƙwai ya yi ja, cire firji tukuna, ka bar dutsen guga, shi ba abin da zai same shi.

Janareta da batir

Mu ce an rubuta wat 650 a jikin ɗan janaretanka. Raba 650 da 230, ba ka kai amfa 3 ba. Iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan. Dutsen tela amfa 5 ya ke nema. In ka jona shi, inji ya yi gurnani ya mutu, in ka nace kuwa ka ƙone shi. Babu addu'ar makanike da za ta mai da 3 ta zama 5. Manyan janareta kuma sau da yawa ba wat a ke rubuta musu ba, sai kVA. Harafin k ɗin nan dubu ya ke nufi, VA kuwa bolt sau amfa. Wutar gida da ta janareta kai da komo ta ke yi cikin waya, sau 50 cikin daƙiƙa guda, kaya masu inji kuma ba su mai da dukan abin da suka ja ya zama aiki. Don haka a kan ɗauki kashi 8 cikin 10: janareta mai kVA 2 da rabi, ka lissafta masa wat 2,000. Har wa yau firji da famfo su kan ja ninkin abincinsu sau da yawa a daidai lokacin tashi, sai ka bar musu sarari.

Batir na mota ko na sola, turinsa bolt 12 ne. Nan lissafi ya ke da daɗi, nan kuma mutanen karkara su ke yawan hasara. Fanka mai wat 60, in ta wutar gida ce, rubu'in amfa ta ke ja. In ta batir ce, raba 60 da 12, amfa 5. Aiki ɗaya, amma gudu ya ninka kusan sau 20, domin turi kaɗan ne. Wanda ya jona inbata ya ɗora mata kayan wat 600, amfa 50 ke fita daga batirinsa, har da ɗori, gama inbata ma tana cin nata. Shi ya sa wayar batir ta ke da kauri kamar igiyar ɗaure akuya.

A jikin batir za ka ga an rubuta kamar 100Ah, watau amfa sau awa. Ma'anarsa zai ba da amfa 5 har awa 20. Buga 100 da 12, ka sami 1,200, wannan shi ne ajiyarsa, wat sau awa. In batir mai dalma ne, irin wanda aka saba, kada ka sha fiye da rabi, in ba haka ba ba ya daɗewa. Saura 600 ke nan. Ƙwai 3 na zamani masu wat 10 kowanne, wat 30, za su yi awa 20. Ƙara fankar nan mai wat 60, ya zama 90, ba su kai awa 7 ba. Mai gida ya ce an sayar masa da mataccen batir, alhali fanka ce ta shanye.

Ita ma waya tana da turjiya

Yanzu mun zo wurin da na fi so ka natsu, gama nan ne gobara ta ke. Na ce turjiyar jan ƙarfe kaɗan ce, ban ce babu ba. Tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. Masu sayar da waya suna kiran kaurinta da lamba, 1, da 1.5, da 2.5, da 4, da 6. Waya mai lamba 1, ta jan ƙarfe na gaskiya, in tsawonta ya kai mita 100, turjiyarta om 1 da rubu'i 3. Mai lamba 2.5 kuwa, kashi 7 cikin 10 na om guda. Ka tuna wuta zuwa ta ke yi ta komo, saboda haka in nisa mita 50 ne, waya mita 100 za ka lissafta.

Mu ce wani ya jawo wuta daga gidan wansa, nisan mita 50, da waya mai lamba 1. In ƙwai da fanka ya kunna, amfa 1, buga 1 da om 1 da rubu'i 3, bolt bai kai 2 ba ya ɓace a hanya, ba kome. Ran da matarsa ta sayo hita mai jan amfa 10, bolt 17 da rabi su ɓace a hanya. Ina su ke tafiya? Zafi su ke zama cikin waya: 17 da rabi sau 10, wat 175. Gudu ya ninka sau 10, zafi ya ninka sau 100. Wani masani na Ingila, Joule, shi ya tabbatar da wannan wajen 1840: zafin waya shi ne amfa sau amfa sau om. Wannan kuma shi ne dalilin da wuta ke sauka da magariba. Kowane gida ya kunna kayansa, amfa ya yi yawa cikin wayar unguwa, na ƙarshen layi ya sami ragowa.

Ga mai sola abin ya fi muni. Amfa 10 cikin waya mai lamba 1, nisan mita 10, zuwa da komowa mita 20, bolt 3 da rabi sun tafi. Cikin 230 wannan ba a ko jinsa. Cikin 12 kuwa ya fi rubu'i. Don haka a ajiye batir kusa, a sayi waya mai kauri, ko da kuɗinta ya yi ciwo.

Amma zafin da ya bazu cikin doguwar waya da sauƙi. Mugun shi ne wanda ya taru wuri guda. Inda aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da leda, ko soket ɗin da ya saki, ko inda tsatsa ta ci, nan hanya ta ƙuntata, kamar an taka tiyo. Mu ce turjiyar mahaɗar nan om 1 ce kurum. Amfa 10 sau 10 sau 1, wat 100. Ka taɓa riƙe tsohon ƙwai mai wat 100 yana ci? To, zafin nan ne duka ya taru a wurin da bai fi kan yatsa ba, cikin rufin ɗaki, kusa da azara da zana, ko bayan buhunan kaya cikin rumfar kasuwa. Na taɓa shiga shagon wani maƙwabcina da dare na ji ƙaurin roba, muka bi muka tarar soket ya narke ya yi baƙi, hita na jone, ruwan ma bai tafasa ba. Ya ce ai wata biyu ke nan yana jin ɗumi a wurin. In ka taɓa filogi ko soket ka ji ɗumi, lissafin nan ne ke aiki, kashe ka kira mai gyara.

Wajen saye kuma a yi hattara. Akwai wayar da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, cikinta alminiyam ne ko baƙin ƙarfe. Turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, ta baƙin ƙarfe kuwa ninki da yawa. Kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana ka gane. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ce. Masu aikin wayarin su kan sa 1.5 ga ƙwai, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga kaya masu nauyi.

Fis kuwa mai gadi ne. 'Yar waya ce siririya da aka yi don ta narke in gudu ya wuce iyaka, ta yanke wuta kafin wayar gida ta kama. Filogi mai ƙafa uku ya kan zo da fis na amfa 13. Buga 13 da 230, wat 2,990, kusan dubu 3. Iyakar abin da soket guda zai ɗauka ke nan, ko baki nawa ka ƙara masa. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, ya kori mai gadi ne don ya yi ihun ɓarawo.

Dogayen turaku

Wataƙila ka taɓa tambaya, don me a ke kawo wuta bisa dogayen turakun ƙarfe da turi mai ban tsoro? Amsa tana cikin abin da ka riga ka koya. Wutarmu daga nesa ta ke zuwa, daga madatsar Kainji bisa kogin Kwara, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro bisa kogin Kaduna, ta 1990, da injunan gas na kudu. Manyan layuka bolt 330,000 su ke ɗauka. Wanda ya taso daga Funtuwa zuwa Gusau na bolt 132,000 ne. Daga nan tiransifoma ke sauke shi zuwa 33,000, da 11,000, har ya iso ƙofarka yana 230. Mu sauƙaƙe lissafi, mu ce gari yana son wat miliyan 10. A bolt 132,000, amfa 76 sun isa. A bolt 230, sai amfa sun haura 43,000. Tun da zafi amfa sau amfa ne, da wutar duka ta ƙare a hanya, wayar ma ta narke. Sai aka ɗaga turi don a rage gudu. Mutane har yanzu su kan ce "Nepa", sunan hukumar da aka kafa a 1972, ko da ya ke an sake mata suna a 2005, a 2014 kuma aka danƙa rabon wutar Zamfara da Sakkwato da Kabi da Kaduna ga kamfanin Kaduna Electric.

Jikin mutum

Jikinka ma hanya ce, yana da turjiyarsa. Busasshiyar fata tana da om dubbai masu yawa. In ta jiƙe da ruwa ko gumi, kana tsaye ba takalmi bisa danshi, sai ta sauko wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, kusan rubu'in amfa. Kashi 1 cikin 10 na amfa guda kuwa, in ya bi ta ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya ya kashe ƙato. Abin da tsohon ƙwai guda ke ci ya fi ƙarfin ran mutum. Shi ya sa hitar da a ke tsomawa cikin bokiti ta ke da hatsari, kada a taɓa ruwan sai an cire ta daga soket. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, gama turinsa bai isa ya tura gudu mai yawa cikin jiki ba. Amma in sifana ta faɗa bisa kawunansa biyu, turjiyarta kusan babu, amfa ɗaruruwa su ruga, ƙarfe ya yi ja, batir ya iya fashewa. Tsuntsun da ke bisa wayar falwaya kuwa ba layya gare shi ba. Ƙafafunsa biyu waya guda su ke riƙe, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa waya ta biyu ba, wuta ba ta da hanyar bi ta jikinsa.

In ka ga wuta ta kama mutum a gida, kada ka kama shi da hannu. Kashe makunni, in ya yi nisa ture shi da busasshen itace. In wayar babban layi ce ta faɗo, ko itace kada ka kai, ka nisanta, ka hana yara, a kira ma'aikata.

Abin da mita ke ƙirgawa

Mitar wuta ba bolt ta ke ƙirgawa ba, ba kuwa amfa ba. Wat sau awa ta ke tarawa. Wat 1,000 na awa guda shi ne yunit 1. Dutsen tela, wat 1,150, in ya ci awa 2, yunit 2 ke nan da kusan sulusi. Ƙwai mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya cinye yunit guda, tsohon mai wat 60 kuwa awa 17 bai cika ba. Dubi farashin yunit bisa takardarka, ka buga, ka san wanda ke cinye maka kuɗi cikin gida.

Makanikai suna da ɗan akwatin awo mai igiya biyu, ja da baƙa, yana nuna bolt da om, da wani mai baki kamar ƙaguwa da a ke maƙala wa waya guda ya nuna amfa. In ka sami mai koya maka, ka koya, amma ba a auna om sai an kashe wuta an cire kayan daga soket.

Ga wani lissafi ka gwada da alli kafin ka dubi amsa. Mai cajin waya yana da janareta na wat 650. Ya jona waya 40, kowace wat 10, da ƙwai 3 masu wat 10, da fanka mai wat 70. Wat nawa ya ɗora? Amfa nawa ke gudu? Mai shayi na kusa da shi ya roƙa ya jona hitarsa mai wat 1,000, ya yarda ko kada ya yarda?

Wayoyi 400, ƙwai 30, fanka 70, jimla wat 500. Raba 500 da 230, amfa 2 da ɗan ɗoriya. Abin da ya rage wa inji wat 150 ne, hita kuwa 1,000 ta ke nema. Sai ya ba mai shayi haƙuri, ya hura gawayi.